Maharban Ailan A Ƙasar Amurka

A cikin watan Nuwamba na shekarar 1873, wata jarida ta birnin Niyok da a ke kira New York Herald ta buga wata takarda wadda ta fito daga Dublin, babban birnin ƙasar Ailan. Wanda ya rubuto ta wani hafsa ne, Manjo Arthur Leech, jagoran maharban Ailan. Abin da ya ke so shi ne Amurkawa su zaɓo gwanayensu na harbin bindiga, shi kuwa ya ɗebo nasa mutanen, su haye teku su tarad da su har gida, a kara, a ga wanda ya fi wani. Ya kafa sharuɗɗa. Kowane maharbi zai yi harbi goma sha biyar daga nisan yadi 800, goma sha biyar daga yadi 900, goma sha biyar daga yadi 1,000. Kada nauyin bindiga ya wuce laba 10, kada a ɗaura mata madubin hangen nesa, kada kuma a ɗora ta bisa wani abu, sai jikin mai ita kaɗai. Maharban Amurka su zama haifaffun ƙasar, bindigoginsu kuma ƙirar ƙasar. Kowane gefe ya ajiye fam 100, wanda ya ci ya kwashe.

Mai karatu zai so ya san abin da ya ba Manjo Leech ƙarfin gwiwar aika wa ƙasa sukutum goron gayya irin wannan. To, sai mu ɗan koma baya. A shekarar 1859 tsoro ya kama mutanen Ingila, ana ta raɗe-raɗin Napoleon na Uku, Sarkin Faransa, zai ƙetaro ya kawo musu yaƙi. Gwamnati ta yarda 'yan kasuwa da akawuna da masu sana'a su kafa rundunonin sa kai, su riƙa koyon fareti da harbi a lokacin hutunsu. Yaƙin bai zo ba, amma sha'awar harbi ta zauna. A wannan shekara aka kafa babbar ƙungiyar harbi ta ƙasar, da shekara ta kewayo aka yi taron farko a filin Wimbledon, kusa da Landan. Sarauniya Victoria da kanta ta buɗe taron. Aka kafe bindiga, aka daidaita ta, aka ɗaura igiya a kunamarta, Sarauniya ta ja, dalma ta tafi yadi 400 ta sami tsakiyar allo. Ta kuma sa kyautar fam 250 kowace shekara ga wanda ya fi kowa.

Daga shekarar 1862 aka soma wata gasa a wannan fili tsakanin Ingila da Sikotilan, mutum takwas takwas, a kan wata babbar garkuwa ta ƙarfe wadda wani basarake, Lord Elcho, ya bayar. A 1865 aka shigar da Ailan. Su mutanen Ailan ba a yarda su kafa rundunar sa kai ba, don gwamnatin Landan da ke mulkinsu a lokacin ba ta son ganin makamai a hannun jama'ar tsibirin. Saboda haka maharbansu 'yan kaɗan ne, masu abin hannu, waɗanda ke sayen bindiga da albarushi da kuɗin aljihunsu. Suka yi shekaru suna zuwa Wimbledon suna komawa hannu banza. A 1873 suka ci garkuwar, suka kai ta Dublin. Wanda kuwa ya ka da Ingila da Sikotilan a zamanin nan, in ya ce babu kamarsa a duniya, ba a ce ya yi ƙarya ba. Cikin zafin wannan nasara Manjo Leech ya ɗauki alƙalami.

Kafin mu bi su cikin jirgi, ya kamata mu fahimci irin harbin da a ke magana, don wanda bai san wuyarsa ba zai ji lissafin makin da ke tafe kamar lissafin 'yan makaranta. Yadi 1,000 ya fi rabin mil. Mutum in ya tsaya a wannan nisa, da ƙyar za ka rarrabe namiji ne ko mace. Abin da a ke bara allo ne na baƙin ƙarfe, an shafe shi da farin fenti, tsayinsa ƙafa 6, faɗinsa ƙafa 12. A tsakiyarsa an yi baƙin murabba'i, ƙafa 3 kowane gefe, shi za mu kira cibiya. Wanda ya sami cibiya ya ci maki 4, wanda ya sami kewayenta maki 3, wanda ya sami gefen allo na dama ko na hagu maki 2, wanda ya kuskure allon kuwa ba shi da kome. Daga inda maharbi ke kwance, cibiyar nan ba ta kai girman ƙwayar gero da ka riƙe ka miƙe hannu ba. Akwai wani mutum da ke ɓoye kusa da allon. In dalma ta bugi ƙarfen ta bar tabo, sai ya ɗaga faifai a kan sanda ya nuna wurin, launin faifan kuma shi ke faɗin maki. Fari shi ne na cibiya.

Albarushin zamanin nan baƙi ne, irin na bindigar toka, ba shi da ƙarfin na yanzu. Dalmar doguwa ce mai nauyi, an naɗe ta cikin takarda, ta kan yi wajen sakan uku a sama kafin ta isa. Tun da kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, dole a ɗaga bakin bindiga, dalma ta hau sama fiye da ƙafa 30, kamar tsayin bene mai hawa uku, sa'an nan ta gangaro bisa allon. Cikin sakan ukun nan iska ke wasa da ita. Iskar da ba ta wuce ta kaɗa wa mutum riga ba tana iya gusar da dalma ƙafa goma ko fiye, watau ta fid da ita daga allon ɗungum. Iskar da ke kan maharbi kuma ba lalle ita ce ke tsakiyar fili ba, shi ya sa a ke kakkafa tutoci a tsawon filin, ana duban yadda su ke kaɗawa. In rana ta yi zafi kuwa kawalwalniya ta tashi, sai allon ya riƙa rawa, ya bayyana inda ba nan ya ke ba. Don maganin waɗannan aka yi wa bindiga ma'aunin saiti mai ƙananan layuka. Na baya a kan ɗaga shi ko a sauke gwargwadon nisa, na gaba a kan gusa shi dama ko hagu gwargwadon iska, har da 'yar kwalba mai ruwa irin ta magina don kada bindiga ta karkace. Wasu maharban kan kwanta rub da ciki, wasu kuwa rigingine, ƙafafu wajen allo, su ɗora bututun bindiga bisa ƙafa. Mai kallo ya yi dariya in ya so, amma masu kwanciya rigingine sun sha cin kyauta.

Su fa Amurkawa, a wane hali takardar ta same su? Abin mamaki, ƙasar da ta fita daga yaƙin basasa a 1865 ba ta da gwanayen irin wannan harbi. Hafsoshi biyu da suka ga yadda sojojin Arewacin ƙasar suka yi ta ɓarnar harsashi a yaƙin nan, William Church da George Wingate, su suka kafa ƙungiyar harbi ta Amurka a 1871. Jihar Niyok ta taimaka da kuɗi, aka sayi wata gona a tsibirin Long Island wadda a da ta iyalin wani mai suna Creed ce, aka share ta, aka sa mata suna Creedmoor, aka buɗe ta a 1873. Filin ke nan bai shekara ba takardar Dublin ta iso. Babbar ƙungiyar ba ta amsa ba. Wani ƙaramin kulob ne na birnin Niyok, wanda Wingate ke shugabanta, ya ce ya ji ya gani, alhali kuwa kusan babu wani a cikinsu da ya taɓa harbi daga nisan da ya wuce yadi 600, ba su kuma da bindigar da za ta yi aikin.

A nan maƙera suka shigo. Kamfanoni biyu, Remington da Sharps, suka raba kuɗin ajiyar a tsakaninsu, dala 250 kowanne, suka kuma yi alkawarin ƙera bindigogin. Ba don Allah suka yi ba, sun san in aka ci, kasuwa ce ta buɗe. Sai dai bindigogin da suka ƙera masu ɗuri ta gindi ne, watau a buɗe bayan bututu a sa harsashi a rufe. Mutanen Ailan kuwa nasu ƙirar John Rigby ne, maƙerin Dublin, masu ɗuri ta baki: a zuba albarushi da aka auna, a sa dalma, a tura da sanda, kamar yadda maharbi ke ɗura bindigar toka, sai dai cikin bututun an yi tsaga a murɗe wadda ke juya dalma. A zamanin nan duk masana na Ingila sun haƙiƙance cewa mai ɗuri ta gindi ta soja ce, don sauri, amma in ana maganar daidai a nesa, mai ɗuri ta baki ba ta da tamka. Ka ga gasar ta tashi daga ta mutane kaɗai, ta zama har da ta ƙira. Abin da ya ƙara mata armashi, maƙeran da kansu suna cikin maharban. Rigby na cikin 'yan Ailan, a wajen Amurka kuma akwai Lewis Hepburn, wanda ya tsara bindigar Remington, da George Yale na gidan Sharps.

Amurkawa suka yi bazara da damina suna gwaji a Creedmoor, suna rubuta kowane harbi a littafi, da yadda iska ta ke, da inda saiti ya tsaya. A tsakiyar watan Satumba na 1874 baƙi suka sauka Niyok bayan wajen kwana goma a teku. Har Magajin Garin Dublin ya rako su. Birnin kuwa cike ya ke da mutanen Ailan waɗanda yunwar da ta faɗa wa tsibirinsu daga 1845 ta koro, da 'ya'yansu, saboda haka aka tarbe su kamar sarakuna, yau liyafa nan, gobe can.

Duk wanda ya taɓa tafiya gasa wata ƙasa ya san karamcin mai masauki na da nasa nauyi. Mai gida ya kwana a gadonsa, ya ci abincin da cikinsa ya saba, ya san ta inda iskar filinsa ke ɓullowa da la'asar. Baƙo kuwa ƙafarsa ba ta gama manta rawar jirgi ba, dare ya yi yana sauraron jawabai, da safe ya je fili ya tarar haske ba irin na gida ba ne. Har lissafin saitin da ya yi shekaru yana tarawa a littafinsa ba ya aiki sosai, don dalma ba ta tafiya cikin iska mai zafi yadda ta ke tafiya cikin sanyin Dublin. Duk abin da mai gida ya koya cikin watanni, shi dole ya koye shi cikin 'yan kwanaki. Wannan shi ne harajin da kowace ƙungiya mai tafiya ke biya, har yau kuwa ba a yafe shi ba.

Aka sa ranar Asabar, 26 ga Satumba. Aka shirya mutum shida shida, watau mafi yawan makin da gefe ɗaya zai iya samu shi ne 360 a kowane nisa, 1,080 gaba ɗaya. Jiragen ƙasa suka yi ta kwaso 'yan kallo, ba su kasa dubu biyar ba. Rana ta buɗe da zafi, kawalwalniya ta tashi a filin. A yadi 800 masu gida suka ba kowa mamaki, suka sami 326, baƙi 317. Aka ja baya zuwa yadi 900. A nan wani saurayi daga cikin 'yan Ailan, Joshua Millner, mai shekara 27, ya kwanta ya auna ya harba, farin faifai ya tashi. Amma a allon wani ya tashi. Alluna a jere su ke, iri ɗaya, kusa da juna, wanda kuwa ya ke leƙe ta ɗan ƙaramin ramin saiti ba ya ganin kome sai abin da ramin ya nuna masa. Millner ya sami cibiya sarai, sai dai cibiyar ba tasa ba ce. Doka ta ce wannan kuskure ne, aka rubuta masa sifiri. Duk da haka 'yan Ailan suka ci wannan zango, 312 da 310, ratar ta ragu daga tara zuwa bakwai.

A yadi 1,000 baƙi suka ci gaba da matsowa. Suka riga gamawa, suka tashi da jimlar 931, suka koma gefe suna kallo. Amurkawa suka yi ta harbi har ya rage saura harsashi ɗaya tak, makinsu 930. Mai harbin ƙarshe Kanar John Bodine ne, dattijo mai shekara 48. Ana cikin jira ya ɗauki kwalbar lemo zai buɗe, kwalbar ta fashe ta yanke shi a hannu. Ya ɗaure hannun da hankici, ya kwanta rub da ciki. A lura, ba lalle sai ya sami cibiya ba, ko gefen allo ya taɓa an ci. Amma a yadi 1,000 kuskure allo ba baƙon abu ba ne ko ga gwani mai lafiyayyen hannu, in kuwa ya kuskure, Ailan ta ci da maki ɗaya. Jama'a suka yi tsit. Ya daɗe yana auno, sa'an nan ya ja kunama. Aka ƙirga sakan ukun nan, aka ji ƙarar dalma a ƙarfe, farin faifai ya tashi. Amurka 934, Ailan 931. Wayar tangaraho da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku tun 1866 ta kai labari Dublin.

Tun daga ranar a ke ba da labarin nan da cewa sabuwar bindiga ce ta ka da tsohuwa, kamfanonin biyu kuma ba su yi ƙasa a gwiwa ba wajen yayata haka. Ni dai da na duba lissafin ban ga ya faɗi haka ba. Da cibiyar Millner ta faɗa a allonsa, da Ailan na da 935, ta ci da maki ɗaya. A yadi 900 da yadi 1,000, inda a ke gane bindigar ƙwarai, baƙi ne a gaba: 312 da 310, sa'an nan 302 da 298. Wanda ya fi kowa maki a ranar kuma, Henry Fulton na Amurka, mai 171 daga cikin 180, ko da ya ke bindigarsa mai ɗuri ta gindi ce, ta baki ya ke tura dalmarsa. Na biye da shi Rigby ne, da 163. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne sabuwar ƙira ta nuna ta kamo tsohuwa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da ya raba gardama a ranar ido ne da ya zame daga allo zuwa allo. Na san in ana maganar "da ma", kowa na da tasa, Amurkawa ma sun yi nasu kurakuran. Sai dai nasu sun ɓace cikin murna, na Millner kuwa aka rubuta shi a jaridun ƙasashe biyu, da sunansa.

Manjo Leech bai nuna ɓacin rai ba. Ya ba kulob ɗin da ya karɓe su kyautar wani babban kofin azurfa, wanda har yau a ke gasa a kansa a Amurka da sunan Kofin Leech, ya kuma gayyace su su zo Ailan su rama ziyara. Suka amsa. Ranar 29 ga Yuni 1875 aka sake karawa a Dollymount, wani rairayi a bakin teku kusa da Dublin, gaban taron da ya ninka na Creedmoor. Yanzu kuwa Amurkawa ne baƙi, su ke biyan harajin tafiya. A yadi 800 masu gida suka wuce da maki ɗaya, 338 da 337. A yadi 900 sai abin ya rushe musu, Amurka 327, Ailan 292. Aka tashi Ailan na da 929, baƙi sun ba ta rata kusa da arba'in, a filinta, cikin iskarta.

A ganina a Dollymount ne ainihin darasin ya fito, ba kuwa na ƙarfe ba ne kaɗai. Gaskiya ne mai ɗuri ta gindi na da wata fa'ida, don maharbi na iya buɗe ta ya goge bututun tas bayan kowane harbi, ya leƙa ya tabbata. Amma abin da masu lura na zamanin suka fi ambata shi ne yadda Amurkawa ke harbi kamar mutum ɗaya. Sun gwada bindigoginsu da juna har kowa ya san bambancin saitinsa da na ɗan'uwansa. In na farko ya harba aka nuna inda dalmarsa ta faɗa, sai ya gaya wa na biye inda ya sa saiti, na biye ya gyara nasa kafin ya harba, wani kuma na zaune da madubin hangen nesa ba abin da ya ke yi sai duban tutoci da kawalwalniya. Kuskuren mutum ɗaya ya zama ilmin mutum shida. 'Yan Ailan kuwa gwanaye ne tun kafin Amurkawa su san hanyar fili, gwani kuwa bai cika son a gaya masa inda iska ta dosa ba. Kowa da nasa hukunci, kowa ya biya kuɗin kuskurensa shi kaɗai. Sababbin shiga ba su da girman kan da zai hana su tambayar juna, rashin sanin nan nasu shi ya tilasta musu tsarin da ya fi. Tsarin ya bazu, har ya zama a gasar ƙungiyoyi ta yanzu mai karanta iska dabam ne, yana zaune kusa da maharbi, shi ke murɗa masa saiti ya ce masa ya harba.

Daga Dublin Amurkawa suka wuce Wimbledon. Ba a sa su cikin gasar garkuwar Elcho ba, tun da ta 'yan gida ce, amma ƙungiyar Ingila ta ba su wani kofi su yi gasa a kansa a junansu daga yadi 1,000. Fulton ya ci, Gimbiya Louise, 'yar Sarauniya, ta miƙa masa. Shi ne Kofin Wimbledon, shi ma yana nan ana neman sa kowace shekara a Amurka. A wannan taro kuma 'yan Ailan, waɗanda aka ka da a gida makonni kaɗan da suka wuce, suka sake cin garkuwar Elcho. Ashe ba lalacewa suka yi ba, wanda ya fi su shiri suka gamu da shi.

A 1876 Amurka ta cika shekara ɗari da samun 'yancin kai, aka gayyaci ƙasashen duniya gasa a Creedmoor. Gidan Tiffany na Niyok ya ƙera abin da za a ci, wata doguwar alama irin wadda rundunonin Rumawa ke ɗauka, tsayinta ƙafa bakwai da rabi, an rubuta PALMA a jikinta, kalmar Latin mai nufin nasara. Ingila ba ta zo ba, don shugabannin ƙungiyarta sun so a aika ƙungiya ɗaya da sunan Birtaniya duka, Sikotilan da Ailan kuwa suka ce kowa tasa ta fisshe shi. Aka sami ƙungiyoyi biyar, mutum takwas takwas: Amurka, Ailan, Sikotilan, Kanada, da Ostareliya, waɗanda suka fi kowa nisan tafiya. Kwana biyu aka yi, 13 da 14 ga Satumba. An kuma sake tsarin allo, cibiya ta zama da'ira, makinta 5. Ran farko Sikotilan ke gaba da 1,586, Ailan 1,582, Amurka 1,577. Kashegari masu gida suka wuce, aka tashi Amurka 3,126, Ailan 3,104, Sikotilan 3,063, Ostareliya 3,062, Kanada 2,923.

Cikin 'yan Ailan takwas ɗin nan akwai Joshua Millner. Ka tuna wannan shi ne filin da ya kunyata shekara biyu da suka wuce, cikin 'yan kallo kuma da yawa sun san sunansa, sun san dalilin da ya sa suka san shi. Mutum na iya cewa a bar shi a gida, shi ma yana iya neman uzuri. Ya sake hayo teku. A yadi 1,000, da bindigar Rigby mai ɗuri ta baki, ya yi harbi goma sha biyar, farin faifai ya tashi sau goma sha biyar, duka a allonsa. Maki 75 daga cikin 75, abin da ba a taɓa gani ba a irin wannan gasa. Bai isa ya ba Ailan nasara ba, saura maki 22.

Bayan wannan kwanakin mai ɗuri ta baki suka ƙare. A 1877 Birtaniya ta aiko ƙungiya ɗaya ƙarƙashin Sir Henry Halford, aka ka da ita 3,334 da 3,242, maƙeran Ingila da na Ailan suka juya ga ɗuri ta gindi. Rigby kansa a 1887 aka naɗa shi shugaban ma'aikatar bindigogi ta gwamnati a Enfield, a hannunsa aka soma fitar da bindigar .303 mai cin harsashi da yawa, kakar wadda sojoji da 'yan sandan ƙasarmu suka daɗe suna saɓawa. Taron Wimbledon ya ƙaura zuwa Bisley a 1890, don gidaje sun matso filin. Creedmoor ma haka ta same ta, birni ya cim mata, aka daina harbi, daga baya aka gina asibitin masu taɓin hankali a wurin. Doguwar alamar Tiffany ta ɓace a Washington, ba a sake ganinta ba, amma gasar Palma na nan, ƙungiyoyi na haye teku dominta, har a 2024 an yi ta a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, daga yadi ko mita masu kama da na Manjo Leech.

A watan Yuli na 1908 aka yi wasannin Olamfik a Landan, aka kai gasar harbi Bisley. Cikin gasannin akwai ta yadi 1,000, harbi ashirin, kowa don kansa. Millner ya shiga da sunan Birtaniya, tun da Ailan ba ta sami mulkin kanta ba tukuna, yana da shekara 61, ana kiransa Kanar. Ya sami maki 98 daga cikin 100, ya karɓi lambar zinariya. Wanda ya zo na biyu Ba'amurke ne, William Martin, da maki 93. Millner ya rasu a 1931.